Waƙar Ɗalha a Bakin Matan Kalgo

A Gwandu, idan injin ban-ruwa ya ƙi tashi, wurin Ɗalha ake kai shi. Rumfarsa tana bakin hanyar da ta nufi Masama, ƙarƙashin wani dogonyaro, kuma da rani ba ya samun sukunin miƙe ƙafa. Masu albasa su zo, masu tattasai su zo, masu shinkafar fadama su zo, kowa da injinsa ɗaure a bayan babur. Sai dai duk da haka ba a ce masa Ɗalha mai inji. Na Bakwai ake kiransa.

Asalin sunan kuwa, shekara tara da suka wuce ya taɓa yin waƙa, guda ɗaya tak. Ya je Birnin Kebbi, ya shiga wani ɗan situdiyo a bayan kasuwa, ya rera ta cikin yini ɗaya ya komo gida. Sunanta "Sai Ka Zuba". Duk wanda ya taɓa tayar da injin ban-ruwa ya san sai an ɗura masa ruwa tukuna kafin ya jawo na rijiya, to daga nan ya samo amshinta:

Inji ba ya jan ruwa sai ka zuba,
Mai son a so shi, shi ma sai ya zuba.

A lokacin wani gidan rediyo na Birnin Kebbi yana da shiri duk Asabar mai suna "Goma na Mako", inda masu sauraro ke zaɓen waƙoƙi ta saƙon waya. Waƙar Ɗalha ta shiga jerin a ta goma, ta hau ta tara, ta kai ta bakwai ta yi mako biyu a nan, ta koma ta goma, ta fita. Mako biyar ke nan. Daga nan ba a ƙara jin ta a rediyo ba, shi ma bai ƙara komawa situdiyo ba.

Wasu da zolaya suke kiran sunan, shi kuwa da ƙarfi yake amsawa. Idan wani ya matsa masa, sai ya ajiye sifana ya dube shi.

"Waƙa nawa aka yi a wannan shekarar? Ɗaruruwa. Shida kaɗai suka sha gaban tawa, kuma duk shidan waƙa ce sana'arsu. Ni da baƙin mai a hannu na je. Kai na nawa ka taɓa zuwa, a mi?"

Wata ranar Litinin da hantsi, yana tsakiyar wanke kabureta da fetur, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, a natse, irin ta masu aikin rediyo.

"Salamu alaikum. Da Malam Ɗalha nake magana? Wanda ya yi 'Sai Ka Zuba'?"

"Awo, ni na."

Ta ce sunanta Sumayya, tana aiki a gidan rediyon nan da ya taɓa sa waƙarsa. An ba ta sabon shiri na ranar Laraba da la'asar, ta sa masa suna "Daga Shida Zuwa Goma", don ba za ta riƙa sa komai a ciki ba sai waƙoƙin da suka taɓa shiga jeri amma ba su kai biyar na sama ba. Ta sami tsohon littafin da ake rubuta jerin kowane mako, a nan ta ga sunansa. Matsalar ita ce kwamfutar da aka tara tsofaffin waƙoƙi a cikinta ta mutu tun tuni. Ko yana da tasa?

Ɗalha ya ajiye kaburetar. Wayar da waƙar take ciki ta faɗa rijiya a wata gona shekara shida da suka wuce. Mai situdiyon kuma ya rufe ya bar garin.

"Ba ni da ita a waya," ya ce, "amma tana kaina gaba ɗaya. Ki faɗi rana in zo in rera miki."

"Za mu zo kan wannan. Amma akwai abin da ya sa na fara da kai. Ni 'yar Kalgo ce. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Ruƙayyatu, tana da ƙungiyar mata masu turara shinkafa, kuma tun da daɗewa nake jin suna wata waƙa idan suna aiki, 'sai kin zuba, sai kin zuba'. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai da na ga sunan waƙarka a littafi. Na tambayi Inna, ta ce waƙar kakanni ce."

Ɗalha ya yi dariyar da ta sa mai injin da ke jiransa ya ɗago kai.

"Kakanni? To ga kakan nan zaune a Gwandu. Yaushe za mu tahi Kalgon?"

Ranar Alhamis ya sa farar shaddarsa, ya goge hannu da toka da sabulu har sau uku, ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi. A tasha Sumayya ta same shi. Doguwa ce, da tabarau da jakar kayan naɗar murya a kafaɗa. Suka shiga wata motar zuwa Kalgo, kafin azahar sun isa.

A wani fili bayan gidan Inna Ruƙayyatu matan suke aiki. Ganguna uku a kan murhu suna fitar da tururi, an baza tamfol ana shanya shinkafar da aka sauke, mata kusan goma suna juya ta da faranti da ƙafa. Innar tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a inuwar mangwaro, tsohuwa ce mai jiki, da carbi a wuya, idonta a kan kowace ganga. Ɗalha ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Gwandu, ta sa aka kawo masa fura mai sanyi. Sai da ya sha ya ajiye ludayi sannan ta dubi Sumayya.

"Wanga shi na mai cewa shi ya yi waƙarmu?"

"Shi na, Inna."

Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. "Ɗana, shekarunka nawa?"

"Talatin da takwas, Inna."

"To wagga waƙa ta girme ka."

"Inna, a yi min ita in ji."

Ba su yi gardama ba. Wata ta jawo ƙwarya ta kife a kan ruwa a cikin baho, ta fara bugawa da ludayi. Innar ta ja baki, sauran suka karɓa, hannuwansu ba su bar juya shinkafa ba. Ɗalha ya kasa kunne. Tasa ce, ko tantama babu. Sai dai sun rage mata gudu, sun mayar da "ka" ya zama "kin", kuma ga wasu baitoci da bai taɓa ji ba:

Maƙwabciya ta yi fushi, je ki gaishe ta,
Kai mata gishiri, kai mata ɗan barkono,
Rijiyar da ta ƙafe ma sai kin zuba.

Da suka dire, ya gyara murya ya ɗauko ta daga farko yadda ya yi ta. Bai kai ƙarshen baiti na biyu ba Inna ta ɗaga hannu.

"A'a. Ba haka take ba."

"Haka take, Inna."

"Kana gudu kamar an biyo ka. Kuma nan wurin ba 'fulogi' ake cewa ba, 'tulu' ake cewa."

Matan suka kwashe da dariya. Sumayya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ɗalha bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya gyara zama a kan tabarma kamar wanda ya zo cinikin da ya san zai ci riba.

"To Inna, na ji kun yi wani baiti, 'Salihu na Dalijan, kai ka nuna min, hannu da baƙin mai ba ya rasa tuwo.' Wane ne Salihu na Dalijan?"

"Wani mai haƙar rijiya ne na zamanin da. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa."

"Amin, idan lokacinsa ya yi. Yanzu dai yana nan da ransa. Maigidana ne, shi ya koya min gyaran inji."

Ya ciro waya ya kira, ya buɗe murya kowa ya ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ina Kalgo gaban wasu iyaye. Don Allah ka faɗa musu wanda ya sa ka a waƙa."

Wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga wayar. "Kai mana, ja'iri. Ka sa ni a rediyo ba ka tambaye ni ba, na yi wata guda yara suna bi na da ita a kasuwa. Mi ya faru kuma?"

Ɗalha ya yi masa godiya ya kashe, ya dubi Inna yana jira. Ita kuwa ta ja carbinta guda biyu.

"Salihu nawa ke Dalijan? Kuma wa ya sani ko kun haɗa baki tun daga gida?"

Ana cikin haka wata a-kori-kura ta tsaya a bakin filin da buhunan shinkafa mai ɓawo. Wata mace mai goyo ta sauko daga gaba tana gyara lulluɓi. Ummulkhairi ce, surukar Inna, matar ɗanta na biyu, wadda ta je Diggi sayo wa ƙungiya shinkafa tun da safe. Ta nufo inuwa tana ba da labarin tsadar da ta tarar, sai ta ga baƙo ta tsaya cak.

"Ikon Allah! Ba Na Bakwai ba ne?"

"Ke kin san shi?" in ji Inna.

"Inna, ai 'yar Masama ce ni. Shi ke gyara wa babanmu inji. Shi ya yi 'Sai Ka Zuba'. Da ita aka yi min kamu, da ita na zo gidan nan a wayata. Kin manta lokacin da nake kunna ta muna aiki, har kika ce in ƙara murya?"

"Ni?"

"Ke, Inna. Da wayar ta lalace sai muka ci gaba da baki. Na sha faɗa muku mai waƙar yana Gwandu, kuka ce yarinya ce ni, ban san komai ba."

Inna ta dubi surukarta, ta dubi Ɗalha, ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

Sumayya ta juya ga Ummulkhairi. "Yaya, ina wayar take yanzu?"

"An daɗe da jefar da ita. Amma memorin na cire, don hotunan bikina suna ciki."

Ta shiga gida. Sai da ta ɗauki lokaci, har an sauke ganga ɗaya an juye, sannan ta fito da wani ɗan gwangwanin man shafawa. A ciki akwai allurai, da maɓallai, da memorin ƙunshe a takarda. Sumayya ta hure shi, ta sa a na'urarta, ta yi ta latsawa. Can sai kiɗan fiyano ya ɓarke, mai sauri, sannan wata siririyar murya ta shigo, wadda kwamfuta ta murɗa har tana rawa.

Wannan karon har Inna sai da ta yi dariya da hawaye.

"Wagga muryar taka ce? Kamar an taka wutsiyar kyanwa!"

"Tawa ce," in ji Ɗalha, ya ɗaga kai. "Haka ake yayi a lokacin, kuma haka mutane suka zaɓe ta."

Amma ya saurara da kyau har ƙarshe, karo na farko cikin shekara shida. Amshin yana nan daram, bai ji abin da zai canza a cikinsa ba. Baitin farko da na Salihu ma sun zauna. Na huɗu ne ya sa shi sosa ƙeya, inda ya jera fistin da ringi da kabureta kamar mai karanta takardar sayayya. Shi ne matan suka yar, suka sa nasu biyu a gurbinsa.

"Inna," ya ce, "wancan baitin da kuka jefar, kun kyauta. Naku na maƙwabciya ya fi shi. Da a lokacin na same shi, da shi zan sa."

Innar ba ta zaci haka ba. Ta yi gyaran murya.

"To. Amshi dai naka ne, na yarda, tunda ga shaida."

"Da baiti uku."

"Biyu da rabi. 'Tulu' namu ne."

Sumayya ta ce tana so ta sa duka biyun a shirinta, tsohuwar da kuma yadda ake yin ta a Kalgo yanzu, idan sun yarda ta naɗa. Inna ta aika aka tambayo maigidan, ya ce ba laifi muddin a nan filin za a yi. Sai maganar suna ta taso. Inna ta ce a ce waƙar matan Kalgo. Ɗalha ya ce sam, a ce waƙar Ɗalha Gwandu, tare da matan Kalgo da suka riƙe ta suka ƙara mata baiti biyu, kuma a ambaci sunan ƙungiyarsu da na Inna a fili. Inna ta auna maganar, sannan ta ce a ƙara da cewa suna sayar da shinkafa mai kyau, ba tsakuwa.

Bayan sallar azahar aka fara. Karon farko injin niƙan maƙwabta ya ɓata shi. Karo na biyu Ɗalha ya tsere wa ƙwarya, ya bar masu amshi a baya. Inna ta tsayar da kiɗa.

"Ɗana, dubi hannun Ummulkhairi. Ka ga yadda take kai faranti ta dawo? Haka waƙar take tahiya. Idan ka riga hannunta, ka yi gudu."

Ya dubi hannun. Ya sauke muryarsa ƙasa, inda take yanzu, ba inda take shekara tara da suka wuce ba. Ya ja baitin farko a hankali, matan suka karɓe, ƙwarya ta zauna. Da aka zo baitin maƙwabciya sai ya yi shiru ya bar wa Inna, ta ja shi ita kaɗai, shi ya koma cikin 'yan amshi. Sumayya tana tsugune da abin sauraro a kunne, ba ta motsa ba har suka dire. Ta ɗaga kai ta ce wannan ya yi, ba sai an sake ba.

Da zai tafi, Inna ta sa aka auna masa shinkafa tiya biyar aka ɗaure a buhu. Ya ce ya gode, ba sai an yi haka ba. Ta ce ba shi ta ba, iyalinsa ta ba, ya rufe baki ya ɗauka.

Ranar Laraba da la'asar rumfar Ɗalha ta cika. Ya rataye rediyo a reshen dogonyaro, masu jiran gyara suka zauna a kan injinansu, mai shayi ya baro teburinsa. Sumayya ta buɗe shirin, ta faɗi makon da waƙar ta shiga jeri da inda ta tsaya, ta sa tsohuwar. Aka yi ta dariyar muryar, Ɗalha yana tsaye da hannu a ƙugu yana gyaɗa kai. Sannan ta ba da labarin Kalgo, ta sa sabuwar. Nan dariya ta ɗauke. Wani manomi daga Masama, wanda ya fi kowa zolaya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu har aka gama.

Mutum goma sha ɗaya suka kira a cikin shirin. Wata mata daga Diggi ta ce a sake sa ta. Wani direba ya ce ya tuna ta, a motarsa ya fara jin ta yana sabon aure. Wani kuma ya kira don ya tambayi inda ake samun shinkafar.

Washegari Sumayya ta sake kiransa. Ta ce shugabanta ya ji daɗi, an ƙara wa shirin minti goma sha biyar. Sannan ta ce tana da wata tambaya.

"A littafin nan akwai wani ɗan Gwandu kuma. Waƙarsa ta kai ta tara, mako biyu, shekara biyu kafin taka. An rubuta Abduljalil kawai, ba lambar waya. Ka san shi?"

Ɗalha ya san shi sarai. Malam Abduljalil yanzu shi ne hedimasta a wata firamare a cikin gari, mutum mai gemu da tabarau, wanda ko dariya da ƙarfi ba ya yi a gaban mutane.

"Na san shi. Ba zai yarda ba idan ke kika tambaye shi. Bar min shi."

Ya gama haɗa injin da ke gabansa, ya ja igiya ya tashi, ya kashe ya miƙa wa mai shi. Ya wanke hannu, ya hau babur. Ya tarar da hedimastan a zauren gidansa yana duba takardun jarrabawa da jan biro. Suka gaisa, Ɗalha ya zauna ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, bai ɓoye komai ba.

Malam Abduljalil ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam Ɗalha, wannan ƙuruciya ce. Ina da ɗalibai ɗari huɗu. Ina da 'ya'ya mata da suka isa aure."

"Waƙar batsa ce?"

"Subhanallahi! A kan mahaifiyata na yi ta."

"To mi ne abin ɓoyo?"

Hedimastan ya dubi ƙofar zaure, ya dubi ta cikin gida, ya jera takardun da suke a jere. Can ya rage murya.

"Ita yarinyar rediyon, ta ce ta nawa ta kai?"

"Ta tara."

"Ta takwas ce. Mako ɗaya ta yi a ta takwas, ranar da aka yi ruwan farko. Ba su rubuta daidai ba."

Ɗalha ya ciro waya ya lalubo lambar Sumayya, ya danna, ya miƙa masa tana ƙara.

"Ga ta nan, Malam. Gyara musu da bakinka."

Malam Abduljalil ya ajiye jan biron, ya karɓa.